Mai kutse da diyya: tarihin wata kalma a kotunan Ingila, 1820-2003

Tambayar da ta jawo wannan ɗan nazari ta taso mana ne wajen aikin fassarar kalmomin shari'a. Muna neman kalmar Hausa da za ta ɗauki ma'anar *trespasser* ta Ingilishi, wato mutumin da ya shiga fili ko gidan wani ba da izini ba, sai muka tarar babu guda da ta cika. «Ɓarawo» ta yi nauyi, domin yaron da ya bi akuyarsu cikin garkar maƙwabci ba ɓarawo ba ne. «Baƙo» kuwa tana zuwa da hakkin da ba a nufa ba. Faransanci yana da *intrus*, amma dokarsa ba ta gina wani hukunci a kanta ba. Ita kalmar Ingilishin ma daga tsohon Faransanci ta fito, da ma'anar «ƙetare», kuma ita ce ta zama *trépasser* a yau, wato ƙetarewa zuwa lahira. Za mu yi amfani da «mai kutse», don rashin wadda ta fi ta.

Abin da muke son nunawa shi ne, a Ingila wannan suna shi kaɗai ya daɗe yana yanke shari'a. Da zarar an liƙa wa wanda ya ji ciwo shi, ba a cika tambayar abin da mai filin ya aikata ba.

A farkon ƙarni na 19 masu filaye sukan ɗana bindigar tarko a dazuzzukansu sabili da masu farautar sata: waya ce ake ja a ƙasa, wanda ya taɓa ta bindiga ta tashi. A shekara ta 1820 wani mai suna Ilott ya shiga dajin Wilkes tsintar ƴaƴan itace, bindiga ta same shi. Kotu ta hana shi diyya, da hujjar ya san akwai bindigogi a dajin kafin ya shiga. A 1827 majalisa ta haramta waɗannan tarkuna, sai dai a cikin gidan kwana daga faɗuwar rana zuwa fitowarta.

Shari'ar Bird da Holbrook, wadda aka yanke a 1828 kan abin da ya faru a 1825, ta fi wannan koyarwa. Holbrook yana da garka mai katanga kusa da Bristol inda yake noman furanni masu tsada. Aka yi masa sata, sai ya ɗana bindiga. Da aka ce ya kafa allon gargaɗi ya ƙi, don yana son kama ɓarawon. Wanda ya faɗa tarkon kuwa saurayi ne ɗan shekara 19, Bird, da ya hau katangar kafin rana ta faɗi don ya koro wa wata baranya ɗawisun maigidanta da ya tsere. Harbin ya same shi a gwiwa. Kotu ta ba shi fam 50. A lura, ba ta ce shi ba mai kutse ba ne. Nufin Holbrook ta duba.

Da an bi wannan hanya, da tarihin ya gajarta. Amma alƙalai suka raba masu shiga fili kashi uku: wanda aka gayyata, wanda aka bari ya shiga, da mai kutse, kowa da gwargwadon kariyarsa. Tsananin rabon ya bayyana a shari'ar Addie da Dumbreck a 1929. Yaro ɗan shekara 4 ne yake wasa a kan wani babban gargare na injin jan tokar kwal a wata mahaƙa ta Sikotilan, ma'aikata suka ta da injin daga nesa ba tare da sun duba ba, ya murƙushe shi. Kamfanin ya san yara suna wasa a filin. Duk da haka Majalisar Dattawa, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, ta ce yaron mai kutse ne, kuma mai fili ba ya da wani nauyi a kansa in dai bai cuce shi da gangan ko da ganganci ba. Uban ya tashi hannu wofi.

Ga mai nazarin harshe, abin sha'awa shi ne dabarar da alƙalai suka riƙa yi a duk lokacin da hukuncin ya yi musu ɗaci: sai su bar dokar yadda take, su sauya wa mutumin suna. A shari'ar Lowery da Walker ta 1911, mutane sun shekara 35 suna ratsa gonar wani zuwa tashar jirgin ƙasa, sai ya saki doki mai cizo a ciki. Kotu ta ce tun da bai hana su da gaske ba, ai ya ba su izini ke nan, saboda haka wanda dokin ya raunana ba mai kutse ba ne. Izinin da ba wanda ya roƙa, ba wanda ya bayar!

Sai a 1972 aka fuskanci maganar kai tsaye. A 1965 wani yaro ɗan shekara 6, Herrington, ya bi ta ɓarakar shinge a Mitcham ya taka layin dogo mai lantarki, ya ƙone ƙwarai. Shugaban tashar ya san an sha ganin yara a kan layin, ba a gyara shingen ba. Majalisar Dattawa, wadda tun 1966 ta ba kanta damar saɓa wa tsoffin hukunce-hukuncenta, ta ce ko mai kutse ma yana da hakkin a yi masa abin da tausayin ɗan Adam ya wajabta. Dokar 1984 ta tsara wannan: nauyi yana hawa kan mai fili idan ya san da haɗarin, yana da dalilin zaton wani zai kusance shi, kuma haɗari ne da ya kamata ya yi wani tanadi a kansa.

Wannan bai kashe gardama ba. A 1988 wani tsoho ɗan shekara 76, Newbery, da ke kwana a rumfar garkarsa don gadi, ya yi harbi ta hudar ƙofa ya sami Revill, wanda ya zo fasa rumfar. Kotu ta ɗora wa Revill kashi biyu cikin uku na laifin, ta ba shi fam 4,033, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 1995. Jama'a da yawa ba su ji daɗi ba, kuma wata doka ta 2003 ta ce wanda aka hukunta kan laifin da yake aikatawa lokacin da aka raunana shi sai ya nemi izinin kotu kafin ya kai ƙara. A shekarar ne kuma aka hana diyya ga Tomlinson, saurayin da ya karye wuya a wani tafki da aka hana iyo, domin haɗarin a fili yake kuma shi ya jefa kansa.

Dokokin biyu da muka fi sani a Nijar ba su bi ta wannan doguwar hanya ba. Sashe na 1382 da na 1384 na kundin Faransa na 1804, wanda muka gada, suna tambayar laifin mutum ne da abin da ke ƙarƙashin tsaronsa. Laifin wanda ya ji ciwo yana iya rage masa diyya. A fiƙihun Malikiyya kuwa, hadisin da ke cikin Muwaɗɗa ya nuna babu diyya ga wanda ya faɗa rijiya, malamai suka taƙaita shi ga rijiyar da aka gina inda ya halatta. Muhtasar na Halilu, littafin ƙarni na 14 da ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya kawo hukuncin wanda ya gina rami da nufin cuta, ko da a cikin gidansa ne: in wanda ya nufa ne ya halaka, ƙisasi, in wani ne, diyya. Alƙalin da ke hukunci da wannan littafi, da Holbrook zai fara, ya tambaye shi don me ya ɗana bindigar, kuma akwai shaidun da suka ji amsarsa tun kafin Bird ya hau katanga.