Tarihin "Tee Off": Daga Tulin Yashi Zuwa Ɓacin Rai

 Wani ƙanena da ke aikin direba a nan Ikko ne ya jawo wannan rubutu. Maigidansa ya shigo mota yana cewa "I am teed off". Shi kuwa, da yake ya saba kai shi filin golf na Ikoyi, ya ɗauka zancen wasa ne, har ya yi masa fatan nasara. Ashe mutumin fushi yake yi. Saura ƙiris aiki ya tafi.

To, daga ina kalmar ta fito?

Asalinta ƙasar Sikotilan ne, mahaifar wasan golf. A can "tee" ɗan tulin yashi ne da ɗan wasa ke tarawa da hannu, ya ɗora ƙwallo a kai kafin bugun farko. Kalmar tana cikin dokoki 13 da 'yan wasan Leith, kusa da Edinburgh, suka rubuta a 1744. Sai a 1899 wani likitan haƙori baƙar fata a Boston ta Amurka, George Grant, ya yi rajistar ɗan turken katako da zai maye gurbin yashin. Turawan mulkin mallaka ne suka kawo mana wasan, kuma a 1938 kulob ɗinsu na golf a Ikko ya haɗe da kulob ɗin Turawa, aka sami Ikoyi Club.

Saboda haka ma'anar "tee off" ta farko ita ce yin bugun buɗe wasa. Daga nan ta fita fili ta shiga ofis: in an ce taro zai "tee off" da ƙarfe 10, lokacin farawa ake nufi. 'Yar'uwarta "tee up" kuma shirya abu ce, kamar yadda ake ɗora ƙwallo a kan turke.

A bakin Amurkawa ne ta yi zafi, wajen tsakiyar ƙarni na 20. "Tee off on" wani, shi ne a rufe shi da faɗa, kamar yadda ake maka wa ƙwallo sanda. Wanda ya ce shi "teed off" ne kuwa, ransa ne a ɓace.

Don haka a riƙa sauraron abin da ke kewaye da kalmar. In lokaci ya biyo bayanta, farawa ce. In "on" da sunan mutum suka biyo, wani zai sha faɗa. In kuwa maigida ya ce "I am teed off", a ba shi haƙuri, a ja baki a yi shiru.

Zaman baƙunta sai da kunne. Allah Ya tsare mana hanyar abincinmu, amin.