Tarihin Hoton Da Ba Ya Koɗewa

Kwanan baya na ɗauko hoton da muka ɗauka a gaban ajinmu ranar da muka gama makaranta, sai na tarar ya yi ja, wasu fuskokin ma sun ɓace. Dalili kuwa shi ne da azurfa ake yin irin waɗannan hotuna, ita kuwa azurfa iska da danshi suna cin ta. Wannan ne ya sa na bi tarihin wani irin hoto da ake yi da ƙarfen filatinam, wanda ba ya tsatsa ko dusashewa.

A shekarar 1831 wani masani Bajamushe, Döbereiner, ya lura cewa hasken rana yana sauya wani gishirin baƙin ƙarfe da ake kira ferik okzalet. A kan wannan ne William Willis na Ingila ya gina dabararsa, ya yi mata rajista a 1873, sa'an nan ya kafa kamfanin Platinotype a 1879. A 1882 kuma wasu hafsoshin sojan Ostiriya biyu, Pizzighelli da Hübl, suka buga littafi suka bayyana yadda mutum zai haɗa maganin da kansa.

Duk wanda bai yi gyangyaɗi a ajin kimiyya ba zai gane yadda abin yake. Ana haɗa ferik okzalet da gishirin filatinam, a shafa a takarda ta bushe, a ɗora fim a kai, a sa a rana. Ba filatinam ne ke jin hasken ba, baƙin ƙarfen ne: inda haske ya taɓa, sai ferik ya koma feros. Da an tsoma takardar a ruwan fotasiyam okzalet, feros ɗin sai ya narke, ya fitar da tsantsar filatinam daga gishirinsa, ya zauna cikin zaren takardar. Daga nan a wanke ragowar baƙin ƙarfen da ruwan asid mara ƙarfi. Tun da ɗora fim ake yi kai tsaye, girman fim shi ne girman hoto.

Manyan masu hoto irin su Frederick Evans da Alfred Stieglitz sun rungumi wannan takarda saboda laushin inuwarta. Amma Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse mata hanzari. Mafi yawan filatinam daga duwatsun Ural na Rasha yake fitowa a lokacin, kuma ana bukatarsa wajen haɗa asid ɗin da ake yin nakiya da shi. Ya yi tsada, gwamnatin Ingila ta hana amfani da shi wajen hoto. Sai Willis ya koma ga ɗan'uwansa faladiyam, mai ba da launin ƙasa-ƙasa. Duk da haka kamfanin ya rufe a 1937.

To, da tsohuwar zuma ake magani. A shekarun 1960 Irving Penn na Amurka ya farfaɗo da sana'ar, yana shafa maganin da hannunsa. A shekarun 1980 Mike Ware da Pradip Malde suka sauya gishirin zuwa amoniyam ferik okzalet, ta yadda hoton ke fitowa tun yana cikin haske, muddin takardar na da ɗan danshi. Yau Afirka ta Kudu ce ke haƙo mafi yawan filatinam na duniya.

Hotunan Evans na nan garau bayan shekara fiye da 100, namu kuwa suna tafiya. Ina roƙon duk mai tsohon hoton makaranta ya raba shi da rana da danshi, ya kawo wa ƙungiya a kwafe tun fuskokin abokanmu da suka riga mu gidan gaskiya ba su gama ɓacewa ba. Allah ya jiƙansu, ya bar zumunci.