Daskarar da ruwan ceri a gida domin ajiya mai tsawo

Ceri ɗan itace ne ja, wanda bai fi girman magarya da yawa ba, kuma yana yi ne a ƙasashe masu sanyi. Turkiyya na cikin ƙasashen da ke kan gaba a duniya wajen noman nau'insa mai zaƙi, yayin da ƙasashe irin su Rasha da Poland da Sabiya da Iran suka shahara da mai tsami, wanda shi aka fi matsewa a sha. A Amurka, jihar Michigan ce ke samar da mafi yawan mai tsamin, musamman irin da ake kira Montmorency.

Kakarsa ba ta da tsawo. A Turai da Amurka makonni ƙalilan ne tsakanin watan Yuni da Yuli, sannan ya ɓace daga kasuwa. Ruwan da aka matse a gida kuwa ba ya wuce 'yan kwanaki a firji, domin ƙwayoyin yis da ke jikin ɓawon kan fara cin sukarin da ke ciki, su juya shi ya zama barasa. Wannan ne ya sa iyalai da dama a waɗannan ƙasashe ke daskarar da shi.

Matsewa

Ana zaɓen 'ya'yan da suka nuna sosai, a wanke, a cire tsinken. Wajibi ne a cire ƙwallon kafin a markaɗa, saboda a cikinsa akwai sinadarin amigdalin, wanda ke rikiɗa ya zama gubar sayanaid a jikin mutum idan an farfasa ƙwallon. Haɗiye guda ɗaya da ba a fasa ba yawanci ba ya yin lahani, amma niƙa su da yawa a injin markaɗe ganganci ne.

Daga nan sai a dama 'ya'yan, a ɗan ɗumama su a wuta domin ruwan ya saki, a tace da ƙyalle mai tsabta. Tukunyar ma tana da muhimmanci: tsamin ceri na cin alminiyum da jan ƙarfe, abin da kan dushe jan launin ya kuma sauya ɗanɗano, don haka ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi dacewa. Sukari ganin dama ne, ba shi ke tsare ruwan ba.

Abin da mutane da yawa ke kuskurewa shi ne, sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, dakatar da su kawai yake yi, kuma da zarar ƙanƙarar ta narke sai su ci gaba da yaɗuwa. Saboda haka idan ƙananan yara ko masu juna biyu ko tsofaffi za su sha, ya kamata a zafafa ruwan ya kai digiri 71 a ma'aunin Salshiyos, sannan a bar shi ya huce kafin a zuba a mazubi.

A cikin firiza

Ruwa na ƙara girma da kimanin kashi 9 cikin ɗari idan ya daskare. Kwalbar da aka cika maƙil tana iya fashewa, roba kuma murfinta ya tashi. A mazubi mai ƙaramin baki ana barin sararin kusan santimita 4 a sama. Wasu kan zuba ruwan a tiren ƙanƙara, idan ya daskare su juye a leda mai kauri, ta yadda za a riƙa ɗibar daidai buƙata. Ƙananan mazubai sun fi saurin daskarewa, kuma hakan ya fi kiyaye ɗanɗano.

A digiri 18 ƙasa da sifili, ruwan kan riƙe launi da ƙamshinsa na tsawon watanni 8 zuwa 12. Bayan haka bai zama haɗari ba, sai dai armashinsa ya ragu. Rubuta kwanan wata a jikin mazubin na hana ruɗani.

Duk wannan lissafi ya dogara ne ga wutar lantarki da ba ta yankewa. Hukumomin kula da abinci na Amurka sun yi bayanin cewa firizar da ke cike na riƙe sanyinta na kimanin sa'o'i 48 bayan ɗaukewar wuta muddin ba a buɗe ta ba, wadda ke rabi kuma sa'o'i 24. Idan har akwai sauran ƙanƙara a cikin ruwan, ana iya sake daskarar da shi. Inda ake ɗauke wuta a kai a kai, ruwan zai yi ta narkewa yana sake daskarewa, kuma alƙawarin shekara guda ba zai cika ba.

Idan an tashi sha, a sauko da mazubin cikin firji ya narke a hankali, a girgiza shi domin ruwan kan rabu gida biyu, a kuma shanye cikin kwana biyu ko uku. Wanda ya yi kumfa ko ya fara warin tsami, zubar da shi ake yi.