Kakar Haraji a Amurka: Yadda Cike Fom Ya Zama Sana'a

A garinmu, zamanin da ake biyan haraji, ba wanda ke zama ya lissafa wa kansa abin da zai biya. Mai unguwa da dagaci sun san kowane magidanci, malamin haraji yana riƙe da littafinsa, a yanka wa mutum kuɗi, ya biya, a ba shi rasit ya adana saboda ranar tambaya. Ni a bakin iyayenmu na ji labarin, domin gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Kano tun 1979. A Amurka kuwa, kai ne za ka zauna kowace shekara ka faɗa wa hukuma abin da ka samu, ka lissafa abin da take bin ka ko wanda kake bin ta, ka sa hannu da rantsuwa cewa gaskiya ka faɗa. Idan lissafin ya karkace, wuyanka za a kama.

Cike wa mutane wannan takarda ita ce sana'ata, a wani ɗan ofis a unguwar Bronx ta birnin Niyok. Masu zuwa wurina direbobin tasi ne, da masu gadi, da mata masu kitso, da masu kula da tsofaffi a gidaje. Wasu 'yan zangon Kumasi da Nima ne, wasu daga Maraɗi da Damagaram, wasu daga Kano. Da yawansu sun ɗauka tun fil azal haka ake yi a ƙasar nan, alhali sana'ar tsayawa a bakin titi ana cike wa talaka fom ɗin haraji ba ta daɗe da haura shekara saba'in ba.

Harajin kuɗin shiga ya fara shigowa Amurka a lokacin yaƙin basasa, zamanin Shugaba Lincoln, aka kafa ofishin tara shi a 1862, aka kuma bar shi ya mutu bayan shekara goma. Da majalisa ta sake gwadawa a 1894, Kotun Ƙoli ta rushe dokar a 1895. Sai da aka yi wa kundin tsarin mulki gyara na 16 a 1913 kafin harajin ya zauna da gindinsa. A lokacin ne aka fito da fom mai lamba 1040, wanda har gobe da wannan lamba ake kiransa. Shafi huɗu ne kacal, har da bayanin yadda ake cikewa. Wanda samunsa bai wuce dala 3,000 a shekara ba, ko dala 4,000 in yana da aure, ba ruwansa, kuma a wancan zamani leburan masana'anta ko dala 1,000 ba ya haɗawa. Ana farawa daga kashi 1 cikin 100, a tsaya a kashi 7 ga wanda ya haura dala 500,000. Harajin attajirai ne, su kuwa dama suna da lauyoyinsu da akantocinsu. Ranar rufewa 1 ga Maris ce, daga baya aka matsar da ita 15 ga Maris.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya shigar da talaka ciki. Gwamnati na neman kuɗin jirage da harsasai, sai dokar 1942 ta sauko da iyakar zuwa dala 500 ga marar aure, dala 1,200 ga ma'aurata. Masu biyan haraji da ba su wuce miliyan 4 ba a 1939 suka haura miliyan 40 a 1945. Mutanen da ba su taɓa ganin fom ɗin ba aka ce su cike shi, har ta kai ma'aikatar kuɗi ta sa kamfanin Disney ya yi fim ɗin zane da agwagwar nan Donald Duck don koya wa jama'a. A 1943 aka kawo tsarin da a ganina shi ne ginshiƙin sana'armu: mai ba ka aiki ya riƙa cire haraji daga albashinka tun kafin ya shiga hannunka. Cirewar ƙiyasi ce, kuma sau da yawa takan wuce abin da ake bin mutum. Saboda haka a ƙarshen shekara miliyoyin ma'aikata su ke bin gwamnati rara, kuma rarar ba ta fitowa sai an cike fom. Tun daga nan takardar da ake gudu ta zama takardar da ake ɗokin aikawa.

Da farko hukumar haraji, wadda ta koma amsa sunan IRS a 1953, ita ke taimaka wa mutane. Ka je ofishinta da takardunka, ma'aikaci ya cike maka kyauta. A birnin Kansas na jihar Missouri akwai wasu 'yan'uwa biyu, Henry da Richard Bloch, masu ɗan kamfanin riƙe wa ƙananan 'yan kasuwa littafin lissafi. Cike fom ɗin haraji aikin gefe ne a wurinsu, har sun yi niyyar daina shi don yana cin musu lokaci. Wani mai nemo wa jaridar Kansas City Star talla, wanda su ke cike masa nasa, ya ba su shawarar su gwada tallata aikin tukuna. A Janairun 1955 tallar ta fito, dala 5 kowane mutum. Abin ya zo daidai da lokacin da IRS ta daina cike wa mutane kyauta a birnin, kuma a shekarar ce aka mayar da ranar rufewa 15 ga Afrilu. Ofis ya cika ya batse. A shekarar suka kafa H&R Block, a 1956 kuma suka buɗe ofisoshi bakwai a Niyok, inda hukumar ke shirin janye hannunta kamar yadda ta yi a Kansas.

Asalin sana'ar ke nan. Gwamnati ta ɗora wa talaka lissafi mai wuya, ta janye mai taimaka masa, wasu suka shiga gurbin da kuɗi. Mukan yi kama da mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya a da: wanda ya zo yana da abin faɗa, ba shi da hannun rubutawa, kuma dole ya buɗe maka cikinsa. Ba ko'ina ake haka ba. A Ingila, inda aka fara cire haraji daga albashi a 1944, yawancin ma'aikata ba sa cike komai, hukuma da mai ba da aiki ke daidaita lissafin a tsakaninsu. A Amurka yau ana aika fom sama da miliyan 150 a shekara, kuma fiye da rabinsu ta hannun irinmu suke bi.

A 1975 aka kafa wani rangwame don ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi, wanda ake kira EITC. Shi wannan ko ba a cire maka komai ba, gwamnati na iya ba ka kuɗi, muddin ka yi aiki kuma samunka bai kai wani mataki ba. Yana ƙaruwa da yawan 'ya'ya, a shekarar haraji ta 2024 ya kai dala 7,830 ga mai 'ya'ya uku. Ga matar da ke kwana tana jinyar tsohuwar wasu, wannan ne kuɗi mafi kauri da za ta riƙa a dunƙule duk shekara. Da shi ake biyan bashin haya, da shi ake sayen tikitin zuwa gida, da shi ake ɗora bulo a kan ginin da aka fara a Tamale ko Zariya. To, inda kuɗin talaka ya taru, masu ido a kansa ba sa nisa. Da aka fara aika fom ta kwamfuta, gwaji a 1986 a birane uku, sannan ƙasa baki ɗaya a 1990, sai kamfanoni da bankuna suka ƙirƙiro bashin jiran rara: a ba ka kuɗinka yau, a cire ruwa mai nauyi idan na gwamnati ya iso bayan mako biyu ko uku. Mutum ya ranci kuɗinsa da riba. Sai a 2012 bankuna suka fita daga wannan harka, bayan hukumomi sun matsa musu, ko da yake 'yan'uwanta na nan da wasu sunaye.

Batun 'ya'ya ma yana da tarihinsa. Kafin 1987 suna kawai ake rubutawa. Da doka ta ce sai an haɗa da lambar shaidar kowane yaro da ya kai shekara biyar, yara kusan miliyan 7 suka ɓace daga takardun haraji a shekara ɗaya.

Abin da ya fi damuna a tarihin nan shi ne wanda ake bari ya yi aikin. Bayan yaƙin basasa, mutane sun yi ta neman diyyar dawakai da dukiyar da suka rasa, 'yan kamasho suka shiga suna kumbura lissafi. A 1884 majalisa ta ba ministan kuɗi ikon tantance masu wakiltar jama'a a gaban ma'aikatarsa, daga nan aka samu rukunin wakilai masu rajista da ke nan har yau, waɗanda ke zana jarrabawa mai tsanani. A 2011 IRS ta dogara da waccan tsohuwar dokar ta dawakai ta ce duk mai cike fom don kuɗi sai ya ci jarrabawa, ya kuma yi karatun awa 15 duk shekara. Wata mai wannan sana'a a Chicago, Sabina Loving, da wasu mutum biyu suka kai ƙara, suna cewa sharaɗin zai kashe ƙananan ofisoshi ya bar manyan kamfanoni. Kotu ta ba su gaskiya a 2013, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2014, bisa hujjar cewa majalisa ba ta ba hukumar wannan iko ba. Na fahimci tsoronsu, ni ma ƙaramin ofis gare ni. Amma sakamakon shi ne, in ka cire 'yan jihohi irin su Oregon da Maryland da California da Niyok masu nasu ƙa'idoji, mutum na iya yankar lambar rajistar masu cike fom, wato PTIN, yau, gobe ya kafa tebur. Mai aski sai da lasisi yake taɓa kan mutum, amma wanda za a miƙa wa lambar shaidar iyali gaba ɗaya da lambar asusun banki ba a tambayarsa ko ya iya. Ina goyon bayan a dawo da jarrabawar ta hanyar doka.

Ita kakar kanta tana da matakai, kuma duk wanda ya daɗe a aikin yana gane watan da ake ciki daga fuskokin masu shigowa. Ƙarshen Janairu masu albashi ke fara zuwa da takardar W-2, mai nuna albashinsu da harajin da aka cire, fuska a sake, domin su ke bin gwamnati. Tun da dokar 2015 ta hana sakin rarar masu EITC kafin 15 ga Fabrairu, rabin watan nan waya ba ta hutawa: "Malam, har yanzu shiru fa." Maris na kamfanonin haɗin gwiwa ne, waɗanda ranarsu 15 ga wata. Afrilu kuwa na waɗanda ake bi ne, shi ya sa suka yi ta jan ƙafa. Direban Uber ko mai kai abinci ba a cire masa komai a hanya, takardar 1099 mai nuna abin da ya samu ake ba shi, kuma bayan harajin kuɗin shiga akwai kashi 15.3 cikin 100 na masu zaman kansu. Ya zo da rasit ɗin mai da na gyaran mota cunkushe a leda, wasu rubutunsu ya goge, mu zauna mu warware su ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce a nema masa ƙarin lokaci zuwa 15 ga Oktoba, sai na bayyana masa cewa takardar ce ake ɗaga wa rana, kuɗin yana nan a 15 ga Afrilu, kuma tara na hawa kansa.

A 2023 da 2024 da 2025 azumi ya faɗo cikin kakar. Mukan sha ruwa a kan tebur da dabino da kunu a kofin roba, mu ja sallar magariba a lungun da ke bayan injin buga takardu, mai jiran layi ya bi mu sahu. Ana tashi daga ofis dare ya raba, ido na yaji saboda allon kwamfuta, a ɗan runtsa a tashi sahur. Iyali sukan haƙura da mu har tsakiyar Afrilu.

Gajiyar jiki mai sauƙi ce a kan wata hira da nake maimaitawa kowace shekara. Dattijo ya zauna ya ce, "Malam, ni fa mutum goma nake ciyarwa a gida. Ga mahaifiyata, ga marayun yayana. Duk wata sai na aika." Ya fito da rasit ɗin aike a ɗaure da roba. Na san gaskiya ya faɗa. Sai in ce, "Alhaji, Allah ya saka da alheri, ladanka na wurinsa. Amma dokar nan ba ta lissafa wanda kake ciyarwa sai in ɗan ƙasa ne, ko mazaunin Amurka, ko Kanada, ko Meziko. Hajiya tana Maraɗi, ba za ta shiga ba." Wani ya yi shiru ya ce to. Wani ya tattara takardunsa ya ce akwai wanda zai sa masa ita, har ma ya ara masa yara biyu.

Akwai shi kuwa. IRS na kiran irinsu masu cike fom na ɓoye, domin sukan cike, su karɓi kuɗi a hannu, su ƙi rubuta sunansu da lambarsu, takardar ta tafi kamar mai ita ne ya cike da kansa. Zuwa Mayu sun rufe shago. Bayan shekara ɗaya ko biyu wasiƙa ta iso, a nemi rarar da aka karɓa har da tara da ruwa. Wanda aka samu da ganganci a kan EITC ana hana shi shekara biyu, wanda aka samu da zamba shekara goma. Ranar neman zama ɗan ƙasa kuma, fom ɗin yana tambaya a kan haraji, jami'i na iya neman takardun shekarun baya.

Ba kowa ke buƙatarmu ba, kuma wajibi ne in faɗa. Mai aiki ɗaya da W-2 ɗaya, ya nemi cibiyoyin VITA, inda 'yan sa-kai da IRS ta horar ke cike wa masu ƙaramin ƙarfi kyauta a ɗakunan karatu da cibiyoyin unguwa. Shirin ya haura shekara hamsin, amma mutanenmu kaɗan ne suka san da shi.

Ɗan'uwa, in kuwa lamarinka ya kai ka wurin mai karɓar kuɗi, ko ni ne, kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka ba. Duba ƙasan shafi na biyu ka ga sunansa da lambarsa ta PTIN. Tabbatar lambar asusun da rarar za ta faɗa taka ce. Wanda ya ce ladansa kaso ne daga abin da ya samo maka, tashi ka bar masa kujerarsa. Ka karɓi kwafinka, ka adana shi aƙalla shekara uku.