Daga Allurar Jamot Zuwa Rigakafin Zazzaɓi

Mutumin da ya taso daga unguwar Briqueterie, inda Hausawan Yawunde suka zauna tun zamanin Turawa, ba zai yi doguwar tafiya ba sai ya iske Centre Pasteur. A can ake auna jini da majina domin a gane cuta. An kafa wannan gida a shekara ta 1959, amma binciken cututtuka a Kamaru ya girme shi.

A shekara ta 1922 wani likita Bafaranshe, Eugène Jamot, ya sauka a Ayos, a bakin kogin Nyong. Ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, yana ta cinye ƙauyuka a lokacin. Jamot bai zauna jiran marasa lafiya ba. Ya aika ma'aikata ƙauye ƙauye, suna tara jama'a, suna taɓa kaluluwar wuya, suna duba jini a madubin likita. Wanda aka same shi da cutar sai a yi masa allura nan take. Da haka ciwon ya ja da baya ƙwarai, har yau kuwa akwai asibiti a Yawunde mai sunansa.

Amma aikin ya zo da hawaye. A ƙasar Bafia wani ƙaramin likita ya ƙara yawan maganin tryparsamide fiye da ƙa'ida, mutane wajen 700 suka makance. A watan Nuwamba 1954 kuma, kusa da Yokadouma, aka yi wa jama'a allurar Lomidine wadda ƙazanta ta shiga cikinta. Naman mutane da yawa ya ruɓe, fiye da 30 suka mutu. A waɗannan kwanaki ba a neman yardar kowa, gama umurnin gwamnati ne. Daga baya masu bincike suka ga ciwon hanta irin na C ya yi yawa cikin tsofaffin kudancin Kamaru, suka danganta shi da allurai na wancan zamani da ba a dafa su sosai ba.

Saboda irin waɗannan abubuwa likitocin duniya suka amince a Helsinki, a 1964, cewa sai an bayyana wa mutum, ya kuma yarda, kafin a gwada magani a jikinsa. A 2005 an tsai da gwajin wani maganin ƙanjamau a Duwala domin gardama a kan haƙƙin matan da ke cikinsa.

Ran 22 ga Janairu 2024, a garin Soa kusa da Yawunde, Kamaru ta zama ƙasa ta farko da ta sa rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin alluran yara na yau da kullum, bayan an gwada shi a Gana, Kenya da Malawi tun 2019. Waɗansu iyaye sun yi shakka, tarihi kuwa ya nuna mafarin tsoronsu. Duk da haka zazzaɓi bai daina ɗauke yara ba. Luka, marubucin Bishara, likita ne. Uwar da ta kai ɗanta asibiti tana da ikon tambayar sunan allurar, da amfaninta, da ranar dawowa, wajibi ne kuma ma'aikaci ya amsa mata da gaskiya.