Yadda itatuwa suka komo gonakin ƙasarmu

Ƴan'uwa manoma, duk wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Damagaram zai ga gawo da kalgo da sabara tsaye cikin gonaki. Yaro na iya zaton haka ƙasar take tun fil azal. Ba haka ba ne. An yi lokacin da mutum zai tsaya bakin gari ya hango gari na gaba, babu iccen da ya tare masa gani. Ga tarihin yadda itatuwa suka tafi da yadda suka komo.

Kakanninmu sun san darajar icce. A Damagaram har yau ana ba da labarin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, cewa ya sa hukunci mai tsanani bisa duk wanda ya sare gawo. Akwai dalili. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, saboda haka ba ya rufe hatsi da inuwa. Da rani kuma sai ya yi kore, dabbobi su kwanta gindinsa, su ci ƴaƴansa, su bar taki. A zamanin nan mutane ba su da yawa. In gona ta gaji sai a bar ta ta zama saura shekaru da dama, ta huta, daji ya sake rufe ta.

Da Nasara suka zo, abubuwa suka sake. Haraji sai da kuɗi, kuɗi kuwa sai da gyaɗa. Aka yi ta sassabe ana faɗaɗa gonaki. A 1935 Faransawa suka kafa dokar daji, itatuwa suka koma ƙarƙashin ikon hukuma. Bayan samun ƴancin kai a 1960 dokar ba ta sake sosai ba. Manomi na iya shan tara don ya sare reshen iccen da ke cikin gonarsa. To, wa zai yi tattalin abin da ba nasa ba? Sai mutane suka riƙa cire tsiro tun yana ƙarami, don kada ya girma ya jawo musu ma'aikatan daji. Ga malaman gona kuma suna cewa manomin kirki shi ne mai gona fes, wadda garmar shanu za ta ratsa ba tare da ta ci karo da kututture ba. Jama'a na ƙaruwa, saura na raguwa, birane na neman iccen wuta.

Sai fari ya zo. Daga 1968 ruwan sama ya yi ta ja da baya, har abin ya kai matuƙa a 1973. Dabbobi suka mutu, rumbuna suka ƙare. Cikin wannan hali ne sojoji suka kawar da Shugaba Jori Hamani a watan Afirilu na 1974, Seyni Kunce ya hau mulki. Gonaki sun zama tsirara. Iska ta riƙa kwasar ƙasa mai kyau, rairayi ya binne shuka, manomi ya yi shuka sau uku ko huɗu kafin ta kama. Mata suka koma dahuwa da kara da kashin shanu, wato abin da ya kamata ya zama takin gona.

Gwamnati da masu ba da taimako suka ce a dasa itatuwa. Daga 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen icce. A wannan shekara aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, cikin ƙasar Tawa, don tare iska, kuma a can aikin ya yi kyau. Amma a wurare da yawa dashen bai rayu ba. Rana ta ƙone wasu, awaki da gara suka cinye saura, don babu mai ban ruwa, babu mai tsaro.

A 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Toni Rinaudo, yana aiki a ƙasar Maraɗi. Wata rana ya ɗauko dashe a mota, ya tsaya rage iskar taya saboda rairayi. Sai ya duba wani ɗan tsiro a bakin hanya, ya gane ashe tohon kututturen babban icce ne da aka sare. Saiwarsa na nan da rai cikin ƙasa. Irin waɗannan kuwa ba su ƙirguwa cikin gonaki, kowace shekara ana sare su ana ƙonewa. Dabarar ita ce: lokacin sassabe manomi ya zaɓi toho biyu zuwa biyar masu ƙarfi a kan kututture, ya datse sauran, ya riƙa gyara rassa. Da yake saiwar ta riga ta yi zurfi, iccen ba ya bukatar ban ruwa. Wannan shi ake kira sassaben zamani. Ba baƙuwar dabara ba ce ɗungum, don wasu manoma, musamman a Magarya da Matamai da Mirriya, sun daɗe suna barin gawo.

Da farko manoma ƙalilan ne suka yarda, har ana yi musu dariya ana cewa gonarsu ta yi datti. Sai ga yunwar 1984, wadda ake kira El Buhari. Aka riƙa ba da abinci ga masu barin itatuwa a gona. A shekarar kuma aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da gurgusowar hamada. Da rabon abinci ya ƙare, da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari kuwa suka ga amfani: iska ta ragu, shuka ta kama, ga iccen wuta, ga harawa, ga na kai wa kasuwa. Gani ya kori ji. Maƙwabci ya koya wurin maƙwabci.

Abin da ya ƙara wa aikin ƙarfi shi ne sassaucin doka. Sannu a hankali aka daina tsananta wa mai gona a kan iccen da ya raina. Dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka buɗe hanya, a 2020 kuma gwamnati ta fitar da doka ta musamman kan wannan aiki. A garuruwa irin su Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye, jama'a suka kafa kwamitin tsaro na maza da mata don hana satar icce. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na baya sun ƙiyasta cewa wajen hekta miliyan 5 sun sake samun itatuwa, kimanin miliyan 200. Yawancinsu ba dasa su aka yi ba.

Aikin bai ƙare ba. Gonaki na ƙara ƙanƙancewa wurin rabon gado, ɓarayin icce ba su daina ba, damina kuma ba ta da tabbas. Abin da ya lalace jiya yana iya sake lalacewa gobe. Saboda haka, ɗan'uwa, in ka shiga sassabe bana, duba kututture kafin ka ɗaga gatari. Bar toho mai ƙarfi, ka koya wa ɗanka dalili.