Janar Dermot Earley, Soja Kuma Ɗan Ƙwallo

An haifi Dermot Earley a ƙasar Ayalan cikin 1948. A 1965 ya shiga soja, a shekarar ce kuma ya fara yi wa yankin Roscommon wasan ƙwallon Gelik, wadda ake bugawa da hannu da ƙafa. Shekara 20 yana fili. Sau 5 suka ci kofin lardin Connacht, amma na ƙasa ya faskara. Kerry ta doke su a wasan ƙarshe na 1980. A wasansa na sallama, a 1985, 'yan Mayo da suka cinye su ne suka ɗauke shi bisa kafaɗa, abin da ba kasafai ake gani ba. Ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Labanon, ya zama babban hafsan sojojin ƙasarsa a 2007. Ya rasu a 2010 yana da shekara 62.